Shekara shida a Banff, ina tunanin tattara kayana: ku ba ni shawara

Baban Zahra: Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Ku yi haƙuri, rubutun zai ɗan yi tsawo. Waɗanda suka san ni sun san tun 2019 nake Banff, garin yawon buɗe ido a cikin duwatsun lardin Alberta na Kanada, ina aiki a wani otal, yanzu ni ke kula da masu gyaran ɗakuna. Iyalina sun iso ƙarshen 2021, takardar zaman dindindin ta fito mana a 2023, alhamdu lillahi. Yara biyu, ga na uku a hanya. Makon jiya mai gidan da muke haya ya turo takarda cewa nan da wata uku haya za ta tashi daga dala 2,100 zuwa 2,600. Ɗaki biyu ne a ƙarƙashin ƙasa, taga ɗaya ce ke ganin rana, ita ma sai wajen azahar. Na haɗa albashina da na maman yara, wadda ke 'yan awoyi a wani shagon tsaraba, na cire haya da cefane da inshorar mota da abin da nake tura wa Hajiya a Funtua. Abin da ya saura ko tayar hunturu ba zai saya ba.

Abin da ya ɗaure min kai, a makon ne kuma manaja ya kira ni ya ce za a buɗe gurbin mataimakin shugaban sashe kafin bazara, kuma sunana ne a gaba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Na zauna ko na tashi? In tashi ne, ina zan nufa? Duk wanda ya taɓa yin irin wannan ƙaura ya gaya min gaskiya, kada a lallashe ni.

Mai Jiran Biza: Wa alaikumus salam. Yallaɓai, Banff ɗin da muke gani a hoto? Mai tafkin nan da ruwansa kamar an zuba shuɗi? Wallahi hotonka na Facebook ne a fuskar wayata wata biyu. Mu muna nan Kano ana ɗauke wuta, kai kana kukan daɗi. Ka zauna kawai, ko ka ba ni gurbin.

Baban Zahra: Ƙanena, ganin kitse kake wa rogo. Tafkin da kake magana, Moraine, tun 2023 aka hana motocin mutane hawa hanyarsa, sai ka nemi gurbi a bas tun da wuri. Bara ko sau ɗaya ban je ba. Lokacin da tafkin ya narke ya yi kyau, lokacin ne otal ke cika maƙil, ba mai ba ka hutu. Hoton nan ma baƙo ne ya ɗauke ni.

Hajiya Maman Sadiƙ: Baban Zahra, ban ga abin shawara a nan ba. Ka ɗauko min 'yata da jikokina ku dawo Calgary. Sau nawa nake ganinku kun taho tun daga can, tafiyar kilomita kusan 130, don naman halal da garin tuwo da man ja? Kuna cika bayan mota kamar masu shirin biki, ku juya a hanyar duwatsu da daddare. Nan arewa maso gabashin gari shagunan halal sun yi yawa har sai ka zaɓa, ga masallacin Akram Jomaa, ga Islamiyya ta ƙarshen mako. Zahra shekararta bakwai, karatun allo take yi ta bidiyo da malami a Funtua, rabin lokaci hanyar sadarwa na yankewa. Sannan yarinyar nan in haihuwa ta zo, wa zai zauna da ita? Wa zai dama mata kunun kanwa? Duwatsun?

Injiniya Canmore: Hajiya, a yi min afuwa, zan ɗan saɓa. Ni a kwarin nan nake, kilomita 25 tsakanina da shi, kuma na ga mutane da yawa sun tashi cikin fushi sun dawo suna neman tsohon aikinsu. Kada a yi sakin na hannu kamun na guje. Muƙamin da ake masa tayi, in ya riƙe shi shekara biyu, duk otal ɗin da ya nufa a Kanada da shi zai shiga. In ya sauka Calgary yau, mutum nawa ne ke neman aikin otal a can? A Banff ma'aikaci ake nema, a Calgary aiki ake nema. Kuma kada a manta hayar Calgary ba ta da ba ce. Tun da gwamnatin lardi ta yi tallar nan a 2022 tana kiran mutanen Toronto da Vancouver su dawo Alberta, suka kuwa amsa, haya ta yi tsalle.

Sannan akwai abin da ba a lissafa shi da kuɗi. Yaransa da ƙafa suke zuwa makaranta. Shi da ƙafa yake zuwa aiki, ko ya hau bas ɗin Roam. Ba cunkoso sai na baƙi a babban titi. Iskar da suke shaƙa mutane daga Japan da Jamus suke biyan kuɗin jirgi su zo shaƙa ta kwana uku.

Hajiya Maman Sadiƙ: Iska ake ci, Injiniya?

Ummu Yasmin: Bari na sa baki ta ɓangaren takardu, tunda aikin da nake ci da shi ke nan. Na farko, Baban Zahra, in kana tunanin ƙarin nan ya saɓa doka, bai saɓa ba. A Alberta babu iyaka kan yawan abin da mai gida zai ƙara. Sharaɗin kawai kada ya ƙara fiye da sau ɗaya a shekara, kuma ga mai hayar wata-wata ya ba da sanarwar wata uku cikakku a rubuce. Ya bayar. Kuma wannan dokar za ta bi ka Calgary da Edmonton, duk lardi ɗaya ne.

Na biyu, matsalar Banff ba ta mai gidanka ba ce, ginin garin ne haka. Garin yana cikin gandun daji na ƙasa, wanda shi ne na farko a Kanada, tun 1885. Iyakar garin an shata ta an kulle, bai fi murabba'in kilomita huɗu ba, ba dama a yanka sabbin filaye a bayan gari yadda ake yi ko'ina. Mazauna ba su kai dubu tara ba a ƙidayar 2021, amma masu shigowa gandun sun haura miliyan huɗu a shekara. Duk mai yi musu shimfiɗa da girki da wanke-wanke a cikin wannan ɗan ƙoƙon yake neman wurin kwana. To gaya min yadda haya za ta sauko.

Na uku, ko ka tara kuɗi ka sayi gida, ƙasar ba taka ba ce. Ta gwamnatin tarayya ce, hayarta ake ba ka, yawanci ta shekara 42 ana sabuntawa. Kuma akwai dokar cancantar zama: sai mai aiki ko sana'a a cikin gandun, da iyalinsa, ke da izinin zama a garin.

Injiniya Canmore: Ummu Yasmin, maganar ƙasa kada ta tsorata shi. A gida ma shaidar mallakar fili ta shekara 99 ce, tun dokar 1978 ƙasa na hannun gwamna, kuma ba wanda ya fasa gini. Dokar cancantar zama kuwa ai gata ce ga irinsa. Ita ta hana masu kuɗin Calgary saye garin su mai da shi gidajen hutu. Mu nan Canmore da ba mu da ita, ku zo ku ga unguwanni, gidaje manya-manya fitila a kashe daga Litinin zuwa Alhamis. Garin 'yan haƙar kwal ne fa har 1979 da aka rufe mahaƙar. Wasannin Olamfik na 1988 suka haska shi, yanzu jikokin mahaƙan ba sa iya sayen gida a garin kakanninsu. Kuma wanda ya yi aiki shekara biyar a jere a gandun dab da ritayarsa yana da damar ci gaba da zama a Banff.

Ummu Yasmin: Gaskiyarka kan ritaya. Amma ka dubi abin ta wajen mai shekara talatin da wani abu. Gobe in ya gaji da otal ya koyi walda ko tuƙin babbar mota, ya sami aiki a wajen gandun, zamansa ya dogara ke nan kan 'yan awoyin matarsa a shago. Garin ya yarda ka zauna muddin kana yi wa baƙo hidima. Wannan ba laifi ba ne, don haka aka kafa shi. Tun 1888 kamfanin jirgin ƙasa ya gina babban otal ɗin nan don jawo matafiya. Amma mutum ya san a ina yake.

Baban Zahra: Wannan maganar ta taɓa ni, don na gani da idona. A watan Maris na 2020, ban cika shekara ba, annoba ta zo aka rufe iyaka. Cikin mako biyu garin ya koma kamar an yi shara. Lokacin a ɗakin ma'aikata nake, mu huɗu, ni da ɗan Filifin da 'yan Ostireliya biyu. Ɗakin na otal ne, kuɗinsa daga albashi ake cira. Ranar da aka sallame mu tambayar farko ba ta abinci ba ce, ta wurin kwana ce. 'Yan Ostireliya suka hau jirgi suka koma gida. Mu da takardarmu ke ɗaure da sunan otal ɗin muka zauna muna kallon dutsen Rundle ta taga, bareyin nan masu ƙaho kamar reshen itace suna kiwo a tsakiyar titi. Allah ya sa ba a kore mu daga ɗakin ba, amma ban manta tsoron ba.

Da gobarar Jasper ta tashi a watan Yuli na 2024, wajen kashi ɗaya cikin uku na gine-ginen garin suka ƙone, mu ma jaka muka haɗa muka ajiye bakin ƙofa har ƙarshen bazara. Irin garinmu ne, cikin daji, hanyoyin fita ƙalilan.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Ni ban ga dalilin da kowa ke cewa Calgary ba, kamar ita kaɗai ce gari. Yayana, ka zo Edmonton. Na bar Montreal na zo nan, shekara takwas ina tuƙin babbar mota. Haya ta fi ta Calgary sauƙi, gidan saye ma haka, wannan kowa ya sani. Musulmi sun daɗe a nan, masallacin farko a Kanada, Al Rashid, nan aka gina shi a 1938, tsohon ginin yana nan an adana shi a Fort Edmonton. Arewacin gari kuwa ka rantse kana wata ƙasar Larabawa ko Somaliya. Jami'a na nan, majalisar lardi na nan, manyan asibitoci na nan, madam ma za ta sami abin yi.

Hajiya Maman Sadiƙ: Ka gaya masa sanyin kuma. Watan Janairu na 2024 ba ku ne kuka haura 40 ƙasa da sifiri ba?

Ɗan Damagaram: Hajiya, ai saƙon gaggawar da aka turo a waya a rage shan wuta duk lardi ya samu, har da ku. Na yarda kuna da iskar Chinook da ke narkar muku da dusar ƙanƙara a tsakiyar hunturu, mu ba mu da ita. Amma ki gaya masa ƙanƙarar da ke faɗo muku da bazara. Ta watan Yuni na 2020 unguwarku ta arewa maso gabas ta fi daka, ta Agusta 2024 kuwa har filin jirgi ta yi wa ɓarna. Na ga motar wani ɗan uwa kamar an sa mata guduma. Ya tambayi kuɗin inshora kafin ya kama gida a can.

Hajiya Maman Sadiƙ: Mota ake gyarawa, ɗana. Ni dai ban ce ba ta faɗo ba.

Kawu na Brooks: Ina gaishe da kowa. Ni mutumin zangon Kumasi ne, shekara goma sha ɗaya a Brooks, tafiyar awa biyu daga Calgary ta gabas. Gari ne ƙarami, babu dutse ko ɗaya, ƙasa shimfiɗe har iya ganinka. Ba mai zuwa yawon buɗe ido sai masu zuwa ganin ƙasusuwan dabbobin zamanin da a gandun da ke kusa. Masana'antar yankan shanu ce ta riƙe garin, a can nake. Ba zan yi maka ƙarya ba, aikin na cin jiki, tsaye kake da wuƙa a cikin sanyi, kafaɗata ta dama ba ta koma daidai ba. Amma gidan da nake ciki nawa ne, da bayan gida inda matata ke shuka alayyafo da kuɓewa in bazara ta yi. 'Yan Somaliya da Sudan da Habasha da Filifin duk muna nan, masallaci na cika. Kai dai ka zo ka gani, gani ya kori ji.

Injiniya Canmore: Kawu, mutum ya bar garin da sana'a ɗaya ta riƙe ya koma garin da kamfani ɗaya ya riƙe, ai an gudu ba a tsira ba.

Kawu na Brooks: Haka ne. Amma mutane ba sa daina cin nama in an rufe iyaka.

Ummu Yasmin: Kafin a ci gaba, gargaɗi ga masu karantawa a ɓoye, na san akwai 'yan uwa a Banff da Lake Louise da ba sa magana. Baban Zahra yana iya tashi gobe don takardarsa ta fito. In izinin aikinka ɗaure yake da sunan mai aiki ɗaya, ko kana bin hanyar da lardi ya buɗe wa ma'aikatan otal da yawon buɗe ido a 2024, kada ka ajiye aiki saboda ka karanta hirar nan. Ka nemi mai lasisin ba da shawara kan shige da fice tukuna.

Mai Jiran Biza: To ni yanzu kun rikita ni. Ashe hangen Dala ba shiga birni ba.

Ɗan Damagaram: Har hangen dalar Kanada ma.

Injiniya Canmore: Baban Zahra, ga tsaka-tsaki. Ka karɓi muƙamin, ka kai iyali Cochrane ko yammacin Calgary, kai ka riƙa zuwa. Akwai masu yi.

Baban Zahra: Na yi tunaninsa. Awa ɗaya da wani abu zuwa, haka dawowa, a babbar hanya cikin hunturu, ga dutin asuba ƙarfe shida. Ka san yadda hanyar nan take wajen Lac des Arcs in iska ta taso. Kuɗin mai kaɗai zai cinye ƙarin albashin. Ko kuma na koma ɗakin ma'aikata ina ganin yarana ranar hutu, kamar ban kawo su ba. Shekara biyu da rabi na yi ba su, ba don wannan na sha wahalar takardu ba.

Amma bari na faɗi abin da ban faɗa ba tun farko, tunda na ce kada a lallashe ni. Ina son garin nan. In na fito da asuba na ga dutsen Cascade ya tsaya a ƙarshen titi rana ta fara taɓa kansa, sai na ji bakina ya kama tasbihi da kansa. Ni ɗan Funtua, da duwatsunmu na saba, amma ban taɓa zaton akwai irin wannan ba. Kuma akwai ɗan girman kai a ciki, ba zan ɓoye ba. A gida ana cewa wane yana inda Turawa ke zuwa hutu. In na koma ɗaki biyu a bayan wani kanti a Calgary, me zan ɗauka na tura?

Maman Zahra: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina cikin gidan nan tun bara, ban taɓa magana ba. Baban Zahra, ka yi haƙuri na shigo, na ga ana ta shawara a kaina ne. Abin da ya faɗa duk gaskiya ne, amma shi yana fita ya ga dutse, ni a ƙarƙashin ƙasa nake wuni. Da hunturu rana na faɗawa bayan dutse tun kafin yara su huta daga makaranta. Shekara huɗu, ƙawayen da na yi guda biyar ne, huɗu sun tashi. Zahra ta daina tambayar sunan sabbin yara a ajinsu, ta ce ai tafiya za su yi. Rannan na ji ta tana koya wa ƙaninta yadda ake yi in an haɗu da beyar a hanya, tiryan-tiryan, amma Fatiha sai na ɗora ta. Ba na raina arzikin da muka samu a nan, a nan takardarmu ta fito. Haihuwar nan kuma a Canmore za a yi, in ta zo da dare yana duti, wa zan bar wa yara biyu?

Hajiya, kunun kanwar nan da kika ambata, tun ɗazu nake kuka.

Hajiya Maman Sadiƙ: Share hawayenki 'yata. Ɗakin Sadiƙ babu kowa tun da ya tafi jami'a. Ko me maigidanki ya yanke, wata guda kafin lokacinki ki taho da yaran, ki yi wankan jegonki a nan. Wannan ba shawara nake ba.

Injiniya Canmore: To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na janye rabin maganata. Rabin da ban janye ba: kada ka ajiye aiki sai da wani a hannu, kuma kada ka fita da faɗa. Ka gaya wa manajan gaskiya, ka nemi ya rubuta maka takardar shaida ya ambaci muƙamin da suka yi niyyar ba ka. In otal ɗinku na da 'yan uwa a Calgary ko kusa da filin jirgi, ka nemi canjin wuri maimakon murabus.

Baban Zahra: Suna da ɗaya kusa da filin jirgi, ban taɓa kawo shi a raina ba. Zan same shi ranar Litinin. Mai gida kuma sai na ba shi sanarwar wata guda cikakke, ko Ummu Yasmin?

Ummu Yasmin: In hayar wata-wata ce, eh, a rubuce, kuma ta isa hannunsa kafin watan ya kama. Ka ɗauki hoton kowane lungu ranar fita saboda kuɗin ajiyarka. Turo min yarjejeniyar ta akwatin sirri na duba.

Ɗan Damagaram: Ni har yanzu Edmonton nake cewa. Amma in Calgary ce, ina da hutu makon ƙarshe na wata mai zuwa, zan aro ƙaramar motar kaya. Kujeru nawa ne?

Maman Zahra: Kujerun na mai gida ne. Gadaje biyu, firiza, da tukwanena.

Kawu na Brooks: Firizar ku kawo ta fanko, ni zan cika ta ranar suna.

Mai Jiran Biza: Yallaɓai, gurbin mai gyaran ɗakin fa, in ka tashi wa za a ba?